Daga Bakin Ruwan Yauri Zuwa Ɗakin Bincike: Masu Bin Sawun Ciwon Daji

 A wannan makon za mu fara da wata magana da ba a cika yin ta a gaban aji ba, amma kusan duk yaron da ya tashi a bakin ruwa ya san ta. Daga Yelwa zuwa Wara, daga Birnin Yauri zuwa ƙauyukan Shanga da ke gaɓar kogin Kwara, akwai yaran da idan sun yi fitsari sai su ga ɗigon jini a ƙarshensa. Wasu su yi shiru saboda kunya. Wasu kuma abokai su ce musu ai alamar balaga ce, yaro ya kawo ƙarfi. Sunan abin tsargiya, kuma cuta ce da take da magani.

Niyyarmu tun farko ita ce mu kawo muku bayani a kan likitoci da masu bincike da suka ƙware a kan ciwon daji, wanda wasu ke kira kansa ko sankara. Da muka zauna shirya bayanin sai muka ga ba sai mun yi nisa ba. Ɗaya daga cikin manyan labaran wannan fanni a mashayar gari yake farawa, inda ake wanka da wanki da su, ya ƙare a ƙarƙashin madubin likita a Sakkwato.

Tsutsar da ke biyowa ta katantanwa

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a cikin ruwa ko kusa da shi, ƙwayayen tsutsar suna fita tare da fitsarin. A ruwa suke ƙyanƙyashewa, sai 'ya'yan su nemi wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a jikin ciyayin ruwa su shige ta. A cikinta suke hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawa, kowace da wutsiya mai baki biyu, kuma ido ba ya ganin su sosai. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara zuwa ruwa. Ba sai mutum ya sha ruwan ba: ta fata suke huda su shiga.

A cikin jiki tsutsar ke girma, namiji ya rungumi mace, su tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Suna iya shafe shekaru a wurin, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwayaye kullum. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a gindinsa. Waɗanda suka huda suka faɗa cikin mafitsara su ne ke fita da jini. Waɗanda suka maƙale a bangon mafitsarar kuwa su ne babbar matsala, domin jiki ba ya daina faɗa da su. Wurin ya kumbura, ya warke, ya sake kumbura, shekara da shekaru. A irin wannan dogon gumurzu ne ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin mafitsara kan sauya kama, wasunsu su fara rarrabuwa ba tsayawa. Wannan rarrabuwa da ba ta jin birki ita ce ciwon daji, ko a wane sashe na jiki ta auku.

A nan sai mu ja hankalinku, kada wani ya tsorata. Mafi yawan waɗanda suka yi tsargiya ba sa kamuwa da ciwon daji. Haɗarin ya fi yawa ne ga wanda cutar ta daɗe a jikinsa, yana sake ɗaukar ta, ba tare da magani ba. Kuma ba maza kaɗai take kamawa ba. 'Yan matan da ke wanki da ɗebo ruwa da aikin shinkafa a fadama su ma tana kama su, sai dai sun fi ɓoyewa.

Tsargiya ta riga madatsar ruwan Kainji zuwa wannan yanki. Amma tun da aka kammala madatsar a 1968, aka tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar kogi zuwa sababbin matsugunai, sai aka samu tafki mai faɗi da ruwa mai kwanciya a gefe-gefe, irin wanda katantanwa ke so. Tafkin ya kawo kifi da noman rani da lantarki. Ba wanda zai ce wa masunci ko manomin shinkafa ya bar shiga ruwa, don a nan abincinsa yake. Shi ya sa aikin masana ya zama dole.

Shekara tamanin da uku kafin a yanke hukunci

Duk abin da muka zayyana a sama ba a rana ɗaya aka gano shi ba. A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Kasr el-Aini da ke Alƙahira, ya ga tsutsar a jijiyoyin wata gawa da yake bincikawa. Daga sunansa ne Turawa suka raɗa wa cutar suna bilharziya. Ya ga tsutsa, amma bai san ta inda take shiga mutum ba. Sai a 1915 wani masani, Robert Leiper, ya tabbatar a Masar cewa ta katantanwa take biyowa.

A tsakanin nan, a 1911, wani likitan binciken tsoka mai suna Ferguson, shi ma a Alƙahira, ya wallafa bayanin mutum 40 da ya samu da ciwon dajin mafitsara tare da tsargiya, ya ce akwai alaƙa. To amma a ilimin kimiyya ganin abu biyu tare ba ya isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Sai da aka yi ta tattara alƙaluma daga Masar da Iraƙi da ƙasashen Afirka da dama, ana kwatanta masu cutar da marasa ita. A 1994 ne Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sanya wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Ku lissafa da kanku: daga 1911 zuwa 1994. Wanda ya fara hango abin bai ga ranar da aka tabbatar da shi ba.

A Turai, ciwon dajin mafitsara ya fi kama tsofaffi, kuma taba sigari ce babban sanadinsa. A wuraren da tsargiya ta yi katutu kuwa wani nau'i ne daban ya fi yawa, kuma yana bayyana da wuri, mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, yana da iyali a wuyansa. Masar ta ba da ƙarin hujja daga baya: da aka rage tsargiya a ƙasar, sai wancan nau'in ma ya ja baya.

Mu dawo gida. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake tura marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara har da maƙwabtanmu na Nijar, likitoci sun daɗe suna lura da yawan masu ciwon dajin mafitsara. A 2007 likitoci biyu, Ismaila Mungadi, ƙwararre a tiyatar mafitsara, da Sani Malami, ƙwararre a binciken tsoka, suka wallafa nazarinsu a wata mujallar likitoci ta Afirka ta Yamma. Sun nuna cewa nau'in da ya fi yawa a Arewa maso Yamma shi ne irin wanda ake dangantawa da tsargiya, kuma an ga ƙwayayen tsutsar a cikin tsokar da aka yanko daga marasa lafiya da dama. Ku lura da yadda aka yi aikin: ɗaya yana ganin mara lafiya a ɗakin tiyata, ɗaya yana ganin tsokarsa a ƙarƙashin madubi. Da kowa ya riƙe abin da ya gani shi kaɗai, da ba a samu cikakken labari ba.

Hannu nawa ke taɓa mara lafiya ɗaya?

A ce wani magidanci ne daga wani ƙauyen masunta, jini ya dawo masa a fitsari bayan ya manyanta, har da guda-guda da ciwon mara. Daga asibitin garinsu aka tura shi gaba, ya bi hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Bari mu bi shi mu ga mutanen da zai ratsa ta hannunsu.

Na farko likitan mafitsara. Shi zai zura wata siririyar na'ura mai fitila ya leƙa cikin mafitsarar, ya ɗan yanko tsoka daga wurin da bai yarda da shi ba. Tsokar nan, wadda wani lokaci ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, za ta tafi ɗakin gwaji. A can masanin kimiyyar gwaje-gwaje zai tsane ruwan jikinta, ya daskarar da ita a cikin kakin kyandir, ya yanka ta da wata wuƙa ta musamman har ta fi fatar albasa sirantaka, ya shimfiɗa a kan gilashi, ya rina ta da launin shuɗi da ruwan hoda. Daga nan sai likitan binciken tsoka ya ɗora a madubi. Mara lafiya ba ya ganin wannan likita, sau da yawa ko sunansa bai sani ba, amma shi ne mai cewa ciwon daji ne ko ba shi ba ne, kuma wane iri ne. Idan ya yi kuskure, duk maganin da zai biyo baya ya karkace.

Sai masu ɗaukar hoton cikin jiki da likitan da ke karanta hoton, don a san ko ciwon ya tsaya wuri ɗaya ko ya yaɗu. Da wannan ne za a zaɓi hanya: tiyata, ko magungunan da ake ƙarawa ta jijiya waɗanda ake kira kemo, ko gashi da na'ura, ko a haɗa.

Gashin nan ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne masu son Fiziks da Lissafi za su ga wurinsu. Na'urar tana harba wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke lalata ƙwayoyin ciwon. Matsalar ita ce hasken bai san mai lafiya da mara lafiya ba. Abin da ya tarar a gabansa shi yake ƙonawa. Saboda haka kafin a kunna na'ura sai an lissafa yawan hasken, da kusurwar da zai shiga, da yadda za a raba shi kashi-kashi a cikin makonni, don ciwon ya sha wuta amma hanji da sauran maƙwabtansa su tsira. Likitan gashi ne ke tsara abin da ake so, amma mai tabbatar da lissafin da ingancin na'urar masanin Fiziks ne na asibiti, wanda bai karanta likitanci ba. Sakkwato tana cikin wuraren da ake wannan aiki a Arewa, haka asibitin koyarwa na Shika a Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Na'urorin sun yi wa ƙasar kaɗan ƙwarai, masu iya sarrafa su da gyara su ma haka, kuma wasu daga cikin waɗanda aka horar suna ficewa ƙasashen waje.

Ba mu manta da ma'aikatan jinya ba, waɗanda su ne ke kwana da mara lafiya, da masu haɗa magani. Akwai kuma wasu da ba a cika tunawa da su ba: masu rajistar ciwon daji, waɗanda aikinsu shi ne rubuta wa ya kamu, da wane iri, daga wane gari, yana da shekara nawa. Rajista ta farko a Najeriya a Ibadan aka buɗe ta a 1960. Aikin kamar na akawu ne, amma in ba shi ba wanda zai iya cewa gwamnati ga inda cuta ta fi yawa, ga inda za a kai na'ura.

A nan muke da ƙorafi a kan wata ɗabi'a tamu ta 'yan ajin kimiyya, wato "ko likita ko ba komai". Ɗalibi ya nemi likitanci, makin JAMB bai kai ba, sai ya ɗauka rayuwa ta ƙare, ko ya karɓi Fiziks ko Bayokemistiri yana jin kamar an yi masa horo. Ku sake duba jerin da ke sama ku ƙirga nawa ne a ciki ba likitoci ba. Hanyar likita doguwa ce: shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru biyar ko shida na ƙwarewa. Kimiyyar gwaje-gwaje da ɗaukar hoto da jinya shekara 5 ne kowanne. Duk ƙofar da mutum zai bi, mabuɗin ɗaya ne: kiredit a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da Lissafi da Turanci.

Namu da suka yi nisa

Ba a rasa na koyi ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu likitar yara ce da ta yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da ciwon daji, kuma mutanen Kebbi sun san ta tun lokacin da mijinta yake gwamna daga 2015 zuwa 2023. A watan Oktoban 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta UICC, babbar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janeba, kuma ita ce ta farko daga Afirka da aka zaɓa a wannan matsayi. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Abuja kuwa, wadda ta fara aiki a 2023, an damƙa ta ne a hannun Usman Malami Aliyu, likitan gashi daga asibitin koyarwa na Sakkwato.

Idan muka waiwaya baya akwai Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan Kamaru da ya yi aiki a Ibadan. Akwai wani ciwon daji da ke kumbura haɓar yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wanda Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Uganda a 1958. Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani na iya narkar da wannan kumburi, kuma a 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da wasu. Yaran Afirka aka yi wa aikin, a asibitocin Afirka, duniya kuma ta koya.

Abin da ya fi burge mu a wannan fanni shi ne yadda bincike kan mayar da ciwon daji abin da ake tarewa tun kafin ya zo. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna cewa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ciwon dajin bakin mahaifa, ya samu kyautar Nobel a 2008. Daga wannan bincike aka samu allurar rigakafi. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum a ranar 24 ga Oktoba, 2023, allura ɗaya tak, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 kaɗai an samu mata kusan 12,000 da suka kamu da wannan ciwo a ƙasar nan, kusan 8,000 suka rasu. Haka rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai yana kare su daga ciwon dajin hanta idan sun girma.

Tsargiya ce har yau ba ta da allurar rigakafi. Masana suna ta gwaji, ba a kai ga nasara ba tukuna. Haka kuma ba a gama warware dalilin da ya sa mutum biyu za su yi wanka a mashaya ɗaya tun suna yara, ɗaya ya kamu da ciwon daji ɗaya bai kamu ba. Ana kuma neman gwajin fitsari mai araha da zai nuna ciwon da wuri, ba sai an kai mutum birni an zura masa na'ura ba. Waɗannan tambayoyi ba a ɗakin gwaji kaɗai ake amsa su ba. Suna bukatar wanda ya san mashayar da yara suka fi shiga, ya san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, wanda zai zauna da Gungawa da Sarkawa da Kambari su buɗe masa ciki. Baƙo daga nesa sai ya shekara yana koyon abin da ɗan Ngaski ya tashi da shi.

Akwai kuma wata magana da muke so ku kai gida. An daɗe ana cewa wai daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura ko tiyata. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun zauna a gida har ciwo ya ci ƙarfinsu, sai a kai su asibiti a ƙurarren lokaci, idan suka rasu kuma a ce ai ga shi, ƙarfe ne ya taɓa shi. Jinkirin ne ya yi ɓarnar. Likitocin wannan fanni kullum kukansu ɗaya ne, cewa marasa lafiya suna zuwa a makare.

Wanda kuma yake ganin jini a fitsarinsa yanzu, ya gaya wa iyayensa ko malamin da ya yarda da shi, a je asibiti a gwada fitsarin. Maganin tsargiya sunansa praziquantel, tun shekarun 1970 aka samar da shi, kuma shi ne ake rabawa kyauta a makarantu. Idan masu rabon sun zo za ku ga suna tsayar da yara a jikin wata sanda mai zane-zane. Tsawon yaro ne ke nuna ƙwaya nawa zai sha. A ci abinci kafin a sha, don yana iya sa jiri ko tashin zuciya na ɗan lokaci, kuma kada a ɓoye shi a aljihu a zubar a bayan aji. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki amma ba ya hana sabuwa shiga, don haka wanda ya sha bara, idan rabon ya zagayo bana, ya sake shiga layi.